Yayata Mai Kiwon Sauro

Idan aka tambaye ni aikin yayata, sai in ce kiwo take yi. Idan aka ce kiwon me, in ce sauro, in ja bakina in tsuke in bar mutum da dariyarsa. Masu ƙarfin hali har sukan ƙara da cewa Allah ya kawo kasuwa. Ba na jin haushinsu. Ni ma ranar da aka ɗauke ni aikin wankin kwalabe a cibiyar bincike, aka leƙa da ni ɗakin da ake lallaɓa sauro ana ba shi abinci a kan lokaci, sai da na riƙe baki. Amma duk wanda ya san abin da ya kai Yaya ɗakin nan ba ya dariya.

Tela ce tun asali. Shagonta wani ɗan siririn ɗaki ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai facin taya, ɗakin da in ta buɗe yadi sai rabinsa ya fito waje. Ba ta cika ɗinkin kayan kwalliya ba, ta ce ba za ta iya da rigimar mata ba. Labule take ɗinkawa da rigar filo da gidan sauro, kuma a gidan sauron ta yi suna. Sau biyu take bi ta kan kowane ɗinki, sannan ta ɗaga shi a rana ta bi shi da ido tana neman huda. In ta ga wadda ko kan allura ce za ta wuce, sai ta warware ta sake.

'Yarta ɗaya tak, wadda ta samu bayan an daɗe ana jira har dangin miji sun fara tari. Lauya muke ce mata, saboda tun da ta fara magana ba a taɓa kayar da ita a gardama ba. Ka ce mata ta zo ta ci abinci, sai ta tambaye ka wa ya ce tana jin yunwa. In an tashi daga makaranta shagon take wucewa, ta hau benci tana kaɗa ƙafafu, tana yi wa uwarta ciniki da masu kawo ɗinki. Ni kam ta raina ni ƙwarai. "Anti, ke kullum wanke-wanke, a gida wanke-wanke, a ofis wanke-wanke, yaushe za a ƙara miki girma ki koma shara?" Haka take ce mini.

Yarinyar nan ba ta taɓa kwana babu gidan sauro ba tun ranar da aka haife ta. Wannan zan iya rantsewa a kai.

Tana shekara goma sha ɗaya zazzaɓi ya kama ta. Ta ce ƙasusuwanta kamar ana karya su, bayan idonta na ciwo. Aka ba ta maganin maleriya, kamar yadda kowa zai yi. Bai yi aiki ba, aka kai ta asibiti. Bayan 'yan kwanaki zafin jikin ya sauka, ta tashi zaune har ta yi gardama da nas a kan girman allura. Muka yi ta hamdala, Babanta, wanda direban babbar mota ne, ya kama hanya da kwanciyar hankali. Kafin ya kai inda za shi aka kira shi ya juyo. Cikinta ya ɗau ciwo, dasashinta ya fara jini, hannuwanta suka yi sanyi. Bai same ta da rai ba.

Likitan ya kira mu gefe ya ce zazzaɓin dengi ne. Ya ce sauro ne ke kawo shi, amma ba irin wanda muka saba da shi ba, wani ne mai farin zane a ƙafafu, kuma da rana yake cizo.

Yaya ta dube shi ta ce, "Da rana?"

Ya ce, "Da rana, Hajiya. Da safe, da kuma yamma kafin rana ta faɗi."

Na san abin da take gani, don ni ma shi nake gani, ƙafafun nan biyu da ke lilo a ƙasan benci, da tayoyin maƙwabcinta da ruwan sama ke kwana a ciki.

Mutane sun yi ta yabon haƙurinta saboda ba ta yi kuka ba. Ba su san Yaya ba. Ranar da ta koma shago, abin da ta fara yi shi ne ta mirgina tayoyin mai faci ɗaya bayan ɗaya zuwa tsakiyar titi, motoci na ta oda, shi yana bin su da gudu yana cewa, "Baiwar Allah, me na yi miki?" Daga nan ta sa kwaɗo a shagon. Ta ce ba za ta ƙara ɗinka wa kowa ƙarya ba. Ta zauna a gida tana ramewa, mijin kuwa ya riƙa karɓar tafiye-tafiye masu nisa, don shi ma gidan ya fi ƙarfinsa.

Ni na kai ta cibiyar. Kejin sauron da ake amfani da su akwatuna ne na raga, kowanne da dogon hannu na yadi kamar hannun riga, ta nan ake zura hannu a yi aiki a ɗaure. Ragar ta tsufa, ana neman tela. Na ce bari in fito da ita ko iska ta sha. Na yi ta fargabar yadda za ta yi in ta ga sauron.

Ɗakin da zafi da gumi, ga warin ruwan da ya kwana. A kan kantoci an jera farantan ruwa, 'ya'yan sauro na ta wutsil-wutsil a ciki. A ɗaya gefen ga kejin, ragarsu ta yi baƙi da sauro. Yaya ta matsa kusa da ɗaya ta sunkuya. Ta daɗe tana kallon farin zanen da ke ƙafafunsu, har na fara jan gefen mayafinta.

Ta ce, "Ke, in an gama kiwon nasu me ake yi da su?"

Na ce, "Kashe su ake yi."

"Duka?"

"Duka. Wasu ma niƙe su ake yi a cikin 'yar kwalba."

Ta miƙe ta gyara mayafi ta ce, "Suna neman ma'aikaci?"

Haka Yaya ta zama mai kiwon sauro. Da ɗinkin keji ta fara, aka ga hannunta, aka riƙe ta. Matar da ta shekara ashirin tana zura zare a allura ba ta sha wahalar koyon ɗaukar sauro da ɗan hantsaki ba tare da ta karya masa ƙafa ba. Ta koyi jiƙa takardar da ƙwai ke manne a jiki har su ƙyanƙyashe. Ta koyi barbaɗa wa 'ya'yan garin abincin kifi daidai yadda ruwan ba zai ruɓe ba. Ta koyi raba maza da mata, don mata ne kaɗai ke shan jini, mazan 'yan rakiya ne. Kowace safiya tana jiƙa auduga da ruwan sikari ta ɗora a saman kowane keji, wannan shi ne abincinsu na yau da kullum. A hannunta sauron suka yi ɓul-ɓul, suka yi yawan da ba a taɓa gani ba. Ma'aikata suka sa mata Uwar Sauro. Na zaci za ta ci mutuncin wanda ya fara faɗa, sai ta yi murmushi ta amsa.

Ni kaɗai na san abin da murmushin ke nufi. Duk ranar da za a kwashe keji a sa a firiza don sanyi ya kashe sauron, Yaya da sabon ɗinki take zuwa aiki, har da turare. Ita ke ɗaukar kejin da hannunta, ita ke rufe murfin firizar, kuma sai ta ɗan tsaya a wurin kafin ta tafi. In mun tashi ta saya mini lemo a hanya. Ni ma, gaskiya, daɗin lemon nake ji.

Ana nan aka kawo wata mai bincike da muke ce wa Dakta. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai ni shekaru ba, ga tabarau ga saurin magana, irin mutanen da ke manta sun dafa shayi sai ya huce. Ba ta da girman kai, Yaya take ce wa yayata kamar yadda nake cewa. Aikinta a ɗakin ciki yake, mai ƙofa biyu, wanda ba a buɗe ta biyun sai ta farko ta rufu. A can ake ba sauro jinin da aka sa wa ƙwayar cutar dengi. Ana ɗumama jinin a wani ɗan gilashi, a rufe bakinsa da fata mai laushi, a ɗora a kan keji, su taru su sha.

Wata rana muna hutun rana Yaya ta tambaye ta abin da take nema a cikin sauron da take niƙewa.

Dakta ta ajiye kofi, idonta ya kawo haske, don an taɓo mata inda take so. Ta ce a jikin kowane sauro akwai ƙwayoyin gado dubbai, su ne ke faɗa wa jikin abin da zai yi, amma ba duka ke aiki lokaci ɗaya ba, wasu a farke suke wasu na barci. Ta ce, "Kamar shagonki ne, Yaya. Kina da zare kala-kala a kanta, amma aikin da aka kawo shi ke sa ki ɗauko wannan ki bar wancan. To in ƙwayar cuta ta shiga cikin sauro, jikinsa sai ya tashi wasu ƙwayoyin gadon ya kwantar da wasu. Ni so nake in san waɗanne ya tasa. Akwai injin da ke karanta mana."

Yaya ta ce, "In ya tashe su, sai me?"

"Sai su yaƙi cutar. Su sassare ta, su rage mata yawa."

"Wato yana shan wahala ke nan."

Dakta ta yi dariya ta ce, "Ai abin mamakin ke nan. Kusan ba ya shan wahalar komai. Yana yaƙarta ne daidai yadda ba za ta kashe shi ba, sannan su zauna tare har ƙarshen ransa. Ya ci, ya sha, ya yi ƙwai, ita kuma ta bi ta jikinsa ta kai yawunsa. Ikon Allah ne fa, abin sha'awa."

Abin sha'awa ta ce. Ban ga laifinta sosai ba, ba ta san labarin Lauya ba, don Yaya ta hana ni faɗa wa kowa a wurin aiki. Amma da na dubi fuskar yayata na san an yi ɓarna.

A hanyar gida ba ta tsaya wajen mai lemo ba. Muna tafe tana magana, ba da ni ba. "Ko ciwon kai ba ya yi. 'Yata na aman jini, ita wadda ta cije ta tana can tana ƙwai. Kin ji fa, zama suke yi tare. Sun shirya tsakaninsu, 'yata ce kawai bare." Ta tsaya cak a gefen titi ta juyo gare ni. "Firizar nan ma, ashe gata nake musu. Sanyi ya ɗauke su su yi barci, shi ke nan. Wa ya ba Lauya irin wannan mutuwar?"

Na ce, "Yaya, ƙwaro ne fa."

Ta ce, "Ƙwaron ne ya raba ni da ita."

Ba a daɗe ba ta nemi a koya mata aikin ɗakin ciki. Dakta ta yi murna, don ba ta da hannun da ya kai na Yaya. Aka koya mata sa riga da safar hannu da duk ƙa'idojin wurin. Babbar ƙa'idar kuwa guda ce, kuma Dakta ta maimaita ta har ta gundure mu. Keji kashi biyu ne. Kashi ɗaya an ba su jini mai cuta, ɗaya kashin an ba su jini mai lafiya. Ban da wannan, komai nasu sai ya zama iri ɗaya, zafin ɗaki da haske da abinci. In ba haka ba, duk bambancin da inji ya nuna ba za a san ko cutar ce ta kawo shi ko wani abu daban ba. Yaya ta ce ta ji.

Watannin da suka biyo baya yayata ta dawo mutum. Ta yi ƙiba, ta fara cin abinci da marmari, har na ji ta tana 'yar waƙa a banɗaki. Mijinta ya rage tafiyar nesa. Na yi ta gode wa Allah, ina cewa aiki ya yi mata magani.

A ɗakin ciki kuwa Dakta ta fara ganin abin da ba ta zata ba. Sauron da ke ɗauke da cutar sun yi laushi, suna zama a ƙasan keji, suna mutuwa fiye da 'yan uwansu. Ta ce ko dai irin wannan ƙwayar cutar ta fi zafi ne. Ta sake gwajin, aka sake samun haka. Ta niƙe su ta aika wa inji. Da sakamako ya dawo ta fito baranda da gudu tana kiran kowa. Ƙwayoyin gado ɗaruruwa sun canja, waɗanda ba wanda ya taɓa cewa cutar na taɓa su. Ta saya wa duk ma'aikata biskit da lemo, ta rungume Yaya ta ce rabin aikin nata ne. Shugaban cibiya da kansa ya sauko daga bene ya yi mata barka.

Murnar ba ta yi nisa ba. Dakta ta zauna tana bin ƙwayoyin gadon ɗaya bayan ɗaya tana duba aikin kowanne, kuma kullum fuskarta na ƙara canjawa. Ta daina gaisuwa da fara'a. Wata safiya ina bakin famfo ina wanke kwalabe, Yaya na gefe tana yanka auduga, sai ga Dakta ta shigo ta rufe ƙofa. Ta ce in zauna, ba sai na fita ba.

Ta ce, "Yaya, ina so in tambaye ki wani abu, kuma don Allah ki faɗa mini gaskiya. Ƙwayoyin gadon da suka farka a jikin sauron nan, yawancinsu ba na yaƙi da cuta ba ne. Na ƙona kitse ne. Na cinye ajiyar jiki ne. Irin waɗanda ke tashi in dabba ta rasa abinci." Ta cire tabarau. "Sauron nan yunwa suke ji. Jikinsu ne ya faɗa."

Yaya ba ta ajiye almakashi ba. Ta ce, "Ashe sun ji."

"Me kika yi?"

"Ruwa nake jiƙa musu audugar da shi. Ruwa zalla. Masu lafiyar ina ba su sikarinsu, ba ruwana da su. Masu cutar kuwa, yau in ɗan ɗiga musu, gobe da jibi su sha ruwa. Ban hana su gaba ɗaya ba, kar su mutu da wuri su huta."

Kwalbar da ke hannuna ta suɓuce cikin ruwa. Dakta ta ce, "Saboda me? Me na yi miki?"

"Ke ba ki yi mini komai ba." Sai a lokacin ta ajiye almakashin. Ta ba ta labarin Lauya tun daga benci har asibiti, da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Ta ƙare da cewa, "Kin ce ba sa shan wahala. To yanzu sun sha. Kuma injinki ya shaida. Wallahi ko yau aka kore ni na ci riba."

Ni a raina na ce madalla. Na san an yi wa Dakta ɓarna, na san aikin shekara guda ne ya bi ruwa, amma a wannan lokacin ina bayan yayata ɗari bisa ɗari. Da za a ba ni audugar ni ma ruwan zan jiƙa.

Dakta ta zauna a kan kujera, hawaye na bin fuskarta. Na zaci na aikinta ne kawai. Da ta buɗe baki sai ta ce, "Allah ya jiƙanta. Da na sani da ban yi miki waccan maganar ba." Ta share ido. "Amma akwai sauran abin da injin ya nuna, kuma gara ki ji daga bakina."

Yaya ta ce, "Ina ji."

"Ƙwayoyin gadon da na ce miki suna sassare cutar, a jikin waɗanda kika sa wa yunwa yawancinsu sun kwanta. Jikin ba shi da ƙarfin riƙe su a farke. Na auna yawan cutar a cikinsu, ya ninka na waɗanda muka saba gani. Ta kai yawunsu da wuri, kuma da yawa. Yaya, sauron kika wahalar, amma cutar kika yi wa kiwo. Ba ta taɓa samun gida mai daɗi irin wanda kika ba ta ba."

Na ga maganar ta shiga yayata. Ta dafa kanta da hannu ɗaya. Ta ce, "Wadda ta kashe Lauya?"

"Ita."

"Ni na ƙara mata yawa?"

Yaya ta cire rigar aiki ta rataye a ƙusa, ta ɗauki jakarta ta fita. Ban bi ta ba.

Dole Dakta ta kai maganar sama, don ta riga ta sanar da sakamakon ga abokan aikinta na wasu wurare, sai da ta bi su ɗaya ɗaya tana janyewa. Na ga yadda abin ya ci ta, 'yar ƙaramar nan ta ƙara ƙanƙancewa. Shugaba ya ce a sallami Yaya nan take. Ma'aikatan da suka sha lemon murna su ne suka fi kowa zaginta a baranda, har da wani mai gadi da bai san ƙofar ɗakin sauron ba. Na tanka wa biyu daga cikinsu, ɗayan har yau ba ma gaisawa, kuma ban yi asarar komai ba.

Yaya ta kulle kanta a ɗaki. Na je na same ta zaune a bakin gado, ko fitila ba ta kunna ba da rana tsaka, labule a sauke. Na kawo mata abinci ta ture. Ta ce, "Shekara nawa ina bin ɗan aike da duka, mai aiken na zaune ina dafa masa." Na ce ta yi haƙuri. Ta ce in ƙara faɗin kalmar nan in ga yadda za mu ƙare. Na ɗauki abincin na fita.

Ranar da ta fito, ba ta gaya mini ba. Ina isa wurin aiki na tarar da ita a ƙofar ofishin Dakta, tsaye, da tsohon mayafinta. Dakta na zuwa ta tare ta.

Yaya ta ce, "Na ɓata miki aiki, na sani, ki yafe mini in za ki iya. Tambaya ɗaya na zo yi. In yunwa na kwantar da masu sassare cutar, ƙoshi yana tashe su?"

Dakta ta ce, "Haka nake zato. Abin da nake so in gwada ke nan yanzu, amma sai an yi shi da kyau, an maimaita, kafin in ce haka ne."

"In sun ƙoshi sosai, za su iya cinye ta duka?"

"Ban sani ba, Yaya. Wataƙila su rage ta kawai."

"Ragewar ma ina so."

Dakta ce ta hau bene ta roƙi Shugaba. Ban san abin da ta faɗa masa ba, na dai ji muryarta ta ƙofa, kuma ban taɓa sanin tana da murya haka ba. Aka bar Yaya a bakin aiki bisa sharaɗi. Ba za ta ƙara taka ɗakin ciki ba har abada, ba ita ba firiza, kuma wani ne zai riƙa haɗa ruwan sikarin ya miƙo mata. Aikinta ya tsaya a ɗakin waje, ta raini sauro masu lafiya tun daga ƙwai har su isa, sannan ta miƙa su ta ƙofar farko a shiga da su. Abin da ke faruwa da su a ciki, sai dai ta ji a bakin Dakta.

Ta karɓa. Har yau tana nan, ta fi kowa sammako. Ba ta ƙara zuwa da sabon ɗinki ba, lemon hanya ma ya ƙare. Ba ta yi laushi ba, kar wani ya ɗauka haka. Ƙiyayyar na nan yadda take, ta dai sami inda za ta zuba ta.

Kwanan baya na shiga ɗakin da safe in karɓi farantan wanki. Na same ta ta zura hannu cikin keji tana gyara kofin da suke yin ƙwai a ciki, safarta ta ɗan zame, sai wata macen sauro ta sauka a wuyan hannunta, inda fata ta fito. Ina ganin farin zanen ƙafafun nan jinina ya tafasa. Na ɗaga hannu zan kai wa ragar duka.

Yaya ta ce, "Kul."

Ta sunkuya ta kai bakinta jikin ragar, ta hura iska a hankali, har sauron ta tashi ta koma gefe ba abin da ya same ta. Ta zare hannunta ta ɗaure bakin kejin. Ta ɗauko sabuwar auduga ta jiƙa ta sosai da ruwan sikari, ta ɗora a sama, ta danna da yatsa don ya tsattsafo. Nan da nan suka taru a ƙasanta.

Ta ce musu, "Ku sha, 'yan banza. Ban yafe muku ba, kuma ba zan yafe ba. Ku sha ku yi ƙarfi. Gobe za a shiga da ku wurinta, ku yayyaga mini ita."

Sai na ga kafaɗunta na rawa. Yayata da ba ta yi kuka a asibiti ba, tana tsaye a kan kejin sauro tana kuka kamar ranta zai fita, hannunta ɗaya riƙe da kwalbar sikarin don kar ta zube. Ban taɓa jin tausayin wani mahaluƙi kamar yadda na ji nata a safiyar nan ba. Na ajiye farantan na karɓi kwalbar daga hannunta.

Ta share fuska da gefen riga ta ce, "Miƙo nan. Saura keji na ƙarshe ban ba su ba."